Yadda ra'ayi ya sauya kan cinikin bai-ɗaya a jami'o'in Amurka

A shekarar 1915 wasu fitattun malaman jami'a a Amurka suka haɗu suka kafa ƙungiyar farfesoshi da aka fi sani da AAUP, kuma masanin falsafa John Dewey ne ya zama shugabanta na farko. Waɗanda suka kafa ta sun yi ta nanata cewa tasu ba ƙungiyar ƙwadago ba ce. A sanarwar da suka fitar a wannan shekarar sun kwatanta farfesa da alƙalin kotun tarayya, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa amma ba shi da hurumin gaya masa hukuncin da zai yanke. A ganinsu hukumar jami'a naɗa malami take yi, ba ɗaukarsa haya ba, saboda haka zama da ita a teburin cinikin albashi kamar yadda ma'aikatan masana'anta ke yi zubar da girma ne. Shekara 107 bayan haka, a 2022, wannan ƙungiya ta ƙulla ƙawance da AFT, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin ƙwadago na malamai a ƙasar, kuma a yau babban ɓangare na mambobinta suna cikin rassan da aikinsu shi ne ciniki da hukumomin jami'o'i.

Abin da ake nufi da cinikin bai-ɗaya shi ne ma'aikata su zaɓi wakilan da za su zauna da mai aiki a madadinsu duka, a yi ciniki kan albashi, inshorar lafiya, nauyin aiki, tsarin ƙarin girma da hanyar korar ma'aikaci, sannan a rubuta abin da aka cimma a yarjejeniya wadda doka za ta tilasta wa ɓangarorin biyu su bi. Bambancinsa da shawara yana da girma. Majalisar malamai ta jami'a tana iya ba da shawara, hukuma ta saurara ta yi godiya ta kuma yi abin da ta ga dama. Yarjejeniyar ciniki kuwa, idan aka karya ta, akwai hanyar kai ƙara har gaban mai sasantawa na waje wanda hukuncinsa ke hawa kan kowa.

Mutane da yawa suna fassara sauyin da aka samu da siyasa, wato su ce malaman jami'a sun ƙara karkata ga masu ra'ayin sauyi, shi ya sa suka rungumi ƙungiyar ƙwadago. Wannan bayani bai gamsar da ni ba. Idan aka bi tarihin a tsanake, za a ga cewa ra'ayin ma'aikacin jami'a game da ƙungiya yana bin gwargwadon ikon da yake da shi a wurin aikinsa ne. Wanda ake jin maganarsa, aikinsa kuma yake da tabbas, ba ya ganin amfanin ƙungiya; ranar da ya fahimci cewa ana yanke hukunci kan rayuwarsa ba tare da an tambaye shi ba, ranar ce yake fara neman katin shiga. Haka ma ra'ayin shugabannin gudanarwa ya bi abin da doka ta ba su dama da abin da ya fi musu arha, fiye da yadda ya bi wata aƙida.

Dalilin da ya sa tsofaffin farfesoshi suka ƙi ƙungiya ba girman kai kaɗai ba ne, domin suna da wasu garkuwoyi biyu da suka yarda za su ishe su. Ta farko ita ce kujerar dindindin. Sanarwar 1940, wadda AAUP ta fitar tare da ƙungiyar kwalejojin Amurka, ta tanadi cewa bayan gwajin da bai wuce shekara bakwai ba, malami ya samu tabbacin aiki, kada a kore shi sai da ƙwaƙƙwaran dalili kuma bayan an saurare shi, ko kuwa idan jami'a ta shiga matsanancin halin rashin kuɗi na gaskiya. Ta biyu ita ce tafiyar da jami'a ta hanyar raba iko, wadda sanarwar 1966 ta fayyace: amintattu, wato mambobin hukumar ƙoli ta jami'a, su kula da dukiya da manufa, shugaba ya kula da gudanarwa, malamai kuma su zama masu faɗa a ji kan manhaja, hanyar koyarwa, bincike, da wanda za a ɗauka ko a ƙara wa girma a cikinsu. Mutumin da ke riƙe da waɗannan biyu yana iya cewa shi ne jami'ar, kuma mutum ba ya ciniki da kansa.

Doka ma ba ta buɗe ƙofa ba a lokacin. Dokar ƙwadago ta tarayya ta 1935 ba ta shafi ma'aikatan gwamnati ba, kuma a 1951 hukumar kula da dangantakar ƙwadago ta ƙasa, NLRB, ta ƙi shiga sha'anin jami'o'i masu zaman kansu da ba riba suke nema ba. Sai a 1959 jihar Wisconsin ta fara ba ma'aikatan ƙananan hukumomi damar ciniki, a 1962 Shugaba Kennedy ya ba ma'aikatan tarayya wani ɓangare na wannan dama, a 1967 jihar New York ta kafa dokar Taylor wadda ta halatta ciniki ga ma'aikatan gwamnati amma ta haramta musu yajin aiki. A 1970 NLRB ta janye matsayinta na baya a shari'ar Jami'ar Cornell, ta ce jami'o'i masu zaman kansu ma suna ƙarƙashin ikonta.

Wannan buɗi na doka ya zo daidai da lokacin da ilimi mai zurfi ya kumbura fiye da yadda tsohon tsari zai iya ɗauka. Yawan ɗalibai ya ninka fiye da sau biyu tsakanin 1960 da 1970, aka buɗe ɗaruruwan kwalejojin shekara biyu, aka mayar da tsofaffin kwalejojin horar da malamai jami'o'in jiha, aka kuma haɗa makarantu da yawa ƙarƙashin ofishi ɗaya da ke nesa da aji. A irin waɗannan wurare malami bai taɓa ɗanɗana ikon da farfesan Harvard ke taƙama da shi ba. Yana koyar da darussa huɗu ko biyar a zango, shugaban kwaleji ke tsara komai, kuma da yawa daga cikin abokan aikinsa sun fito ne daga makarantun sakandare inda suka ga abin da ƙungiya ta samo wa malamai. Ba abin mamaki ba ne cewa a nan aka fara. A Jami'ar Birnin New York an sa hannu kan yarjejeniyoyin farko a 1969, ƙungiyoyi biyu da ke gasa suka haɗe a 1972, malaman jami'o'in jihar New York kuma suka dunƙule a ƙungiya ɗaya a 1973.

Binciken da masana biyu, Everett Ladd da Seymour Martin Lipset, suka yi kan ra'ayin malaman jami'a a farkon shekarun 1970 ya nuna wani abu da har yau nake ganin shi ne mabuɗin batun. Goyon bayan ƙungiya ya fi ƙarfi a tsakanin matasa, da waɗanda ba su samu kujerar dindindin ba, da masu ƙaramin albashi, da masu koyarwa a makarantun da ba su yi suna ba. Malaman manyan jami'o'in bincike, duk da cewa su ne suka fi karkata ga ra'ayin sauyi a siyasar ƙasa, su ne suka fi ja da baya idan aka zo batun kafa ƙungiya a harabarsu. Tsoronsu a fili yake: ƙungiya tana son daidaita albashi bisa shekarun aiki da matsayi, shi kuwa shahararren masani ya saba ciniki shi kaɗai, ya kawo takardar tayin aiki daga wata jami'a a ƙara masa abin da yake so. Wannan rarrabuwa ce ta sa AAUP ta yi doguwar muhawara mai zafi kafin babban taronta na 1972 ya amince ta shiga harkar ciniki gadan-gadan, kuma wasu mambobi sun fice saboda suna ganin an sayar da martabar sana'a.

Su kuwa shugabannin jami'o'i, martaninsu na farko na ɓacin rai ne. Yawancinsu tsofaffin malamai ne da suka hau kujerar gudanarwa, kuma suna ɗaukar jami'a tamkar gida ɗaya inda ake warware saɓani cikin mutunci. Sun ce ƙungiya baƙuwa ce da za ta shiga tsakanin 'yan uwa, ta mayar da abokan aiki abokan gaba, ta kuma ɗaure hannun shugaba da ƙa'idoji har ya kasa saka wa wanda ya yi fice. Akwai gaskiya a cikin wannan fargaba, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba, domin yarjejeniya mai shafi ɗari biyu tana sauya yadda shugaban sashe ke magana da malaminsa. Sai dai hujjar gida ɗaya tana da ƙarfi ne kawai idan kowa a gidan yana cin abinci daga tukunya ɗaya, kuma masu neman ƙungiya sun riga sun san ba haka abin yake ba.

A 1980 shugabannin jami'o'i masu zaman kansu suka samu makamin da ya fi kowace hujja ƙarfi. A shari'ar Jami'ar Yeshiva, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu cewa cikakkun malaman jami'ar masu gudanarwa ne, tunda su ke tsara darussa, su ke sa sharuɗɗan ɗaukar ɗalibai da na kammala karatu, kuma ana bin shawararsu kan ɗauka da ƙarin girma. Tunda dokar 1935 ba ta kare masu gudanarwa, jami'a ba ta da tilas ta zauna da ƙungiyarsu. Mai shari'a William Brennan, wanda ya rubuta ra'ayin marasa rinjaye, ya ce abokan aikinsa suna kallon jami'a da tsohon ido, alhali ilimi ya riga ya zama babban kasuwanci kuma iko na gaskiya ya koma hannun shugabannin gudanarwa. Bayan hukuncin, jami'o'i da dama sun daina amincewa da ƙungiyoyin malamansu, ciki har da Jami'ar Boston inda malamai suka yi yajin aiki a 1979 suka samu yarjejeniya, amma ƙungiyar ta rasa matsayinta cikin 'yan shekaru. Kusan shekara talatin kafa sabuwar ƙungiyar cikakkun malamai a jami'a mai zaman kanta ya zama abu mai wuyar gaske, harkar ta koma ta jami'o'in gwamnati a jihohin da dokarsu ta yarda.

A daidai wannan lokaci wasu ma'aikatan da ba a cika tunawa da su ba idan ana maganar jami'a suka nuna wata hanya. Sakatarori, ma'aikatan laburare da masu aikin ɗakin gwaji, waɗanda yawancinsu mata ne, ba wanda zai ce musu masu gudanarwa ne. A Yale sun yi yajin aiki na mako goma a 1984 kafin su samu yarjejeniyarsu ta farko, kuma babban ƙorafinsu shi ne ana biyan aikin mata ƙasa da ƙimarsa. A Harvard sun ci zaɓen kafa ƙungiya a 1988 da tazarar ƙuri'a 44 kacal, bayan hukumar jami'ar ta yi yaƙi da yunƙurin, duk da cewa shugabanta na lokacin, Derek Bok, masanin dokar ƙwadago ne. Abin da ya bambanta masu shirya ƙungiyar Harvard shi ne sun ƙi yarda cewa son ƙungiya ƙin jami'a ne, sun gina yunƙurinsu kan neman a dama da ma'aikaci wajen tsara aikinsa. Wannan harshe ya yi tasiri daga baya, domin ya nuna wa malamai cewa mutum yana iya ƙaunar makarantarsa kuma ya nemi a rubuta haƙƙinsa.

Amma babban abin da ya juya ra'ayi shi ne sauyin da aka yi wa aikin koyarwa kansa. Da tallafin jihohi ya riƙa raguwa idan aka raba shi da yawan ɗalibai, kuma gasa ta ƙaru, jami'o'i sun gano cewa hanya mafi sauƙi ta rage kashe kuɗi ita ce idan farfesa ya yi ritaya kada a maye gurbinsa da wani mai kujerar dindindin, a ɗauki malaman wucin gadi a riƙa biyansu kan kowane darasi. Alƙaluman da AAUP ta tattara sun nuna cewa a 1987 kimanin kashi 47 cikin ɗari na malamai ne ke kan aikin da ba shi da hanyar zuwa kujerar dindindin, amma a 2021 adadin ya kai kimanin kashi 68. Malamin wucin gadi yakan karɓi 'yan dubban daloli kan darasin zango guda, sau da yawa ba shi da inshorar lafiya daga jami'a, ba shi da ofis, kuma ana iya soke darasinsa kwanaki kaɗan kafin a fara karatu bayan ya gama shirinsa. Wasu suna koyarwa a makarantu biyu ko uku a mako ɗaya don su haɗa kuɗin haya. Irin wannan mutum ba shi da garkuwar 1940, ba shi kuma da ta 1966, tunda a wurare da yawa ko ƙuri'a ba shi da ita a taron sashe. Idan aka ce masa ƙungiya za ta ɓata zumuncin gida, yana da ikon ya tambaya wane gida ake nufi. Daga 2013 malaman wucin gadi a jami'o'i irin su Georgetown da Tufts, sannan Northeastern a 2014, suka zaɓi shiga ƙungiyar ma'aikata ta SEIU, kuma hukuncin Yeshiva bai iya tsayar da su ba, domin babu mai iya cewa da gaske su ke tafiyar da jami'a.

Ɗaliban digiri na biyu da na uku da ke koyarwa ko aikin bincike sun bi wata hanya mai tangal-tangal. A jami'o'in gwamnati sun daɗe da farawa, tun da na Jami'ar Wisconsin da ke Madison suka samu yarjejeniya a 1970 bayan yajin aiki. A jami'o'i masu zaman kansu kuwa NLRB ta ce su ma'aikata ne a 2000, ta ce ɗalibai ne kawai a 2004, ta sake cewa ma'aikata ne a shari'ar Columbia ta 2016, kowane hukunci yana bin jam'iyyar shugaban da ya naɗa mafi yawan mambobin hukumar. Hujjar jami'o'i ita ce alaƙar ɗalibi da malaminsa ta tarbiyya ce, kuma koyarwar da yake yi wani ɓangare ne na horonsa. Hujjar ta yi nauyi a zamanin da mai digirin digirgir ke da kyakkyawan zaton samun kujerar farfesa, domin mutum yana iya jure shekara shida na ƙunci idan ya san abin da ke jiransa. Da wannan zato ya dushe, kuɗin haya kuma ya yi tashin gwauron zabo a biranen da manyan jami'o'i suke, ɗalibai sun daina kallon kansu a matsayin almajiran da ke jiran gado. Yajin aikin Jami'ar Kalifoniya da ya fara a watan Nuwamba na 2022, wanda ya haɗa ma'aikata kimanin 48,000 ya kuma ɗauki kusan mako shida, shi ne mafi girma da ma'aikatan koyarwa da bincike suka taɓa yi a ilimi mai zurfi a ƙasar, kuma ya ɗaga mafi ƙarancin kuɗin mataimakan koyarwa daga kimanin dala 23,000 zuwa kimanin dala 34,000 a shekarar karatu.

Sauyin da ya fi jan hankalina shi ne na manyan malamai masu kujerar dindindin, waɗanda a da su ne katangar da ke hana ƙungiya shiga. Abin da ya girgiza su shi ne ganin cewa garkuwoyinsu biyu ba su da ƙarfin da suka zata. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, sannan a lokacin annobar korona a 2020, an daskarar da albashi, an dakatar da zuba kuɗin fansho a wasu wurare, an yanke hukuncin komawa aji ba tare da an tuntuɓi masu shiga ajin ba. A 2023 hukumar Jami'ar West Virginia ta soke fannonin karatu 28 da guraben malamai 143, duk da cewa malamai sun kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da shugaban jami'ar da gagarumin rinjaye kwanaki kaɗan kafin haka. Darasin da malamai a ko'ina suka ɗauka shi ne idan aka rufe sashe gaba ɗaya kujerar dindindin ba ta ceton kowa, kuma ƙuri'ar majalisar malamai ba ta ɗaure hannun amintattu. Malaman Jami'ar Pittsburgh, waɗanda yunƙurin kafa ƙungiya ya sha faɗuwa a wurinsu a shekarun baya, sun amince da ita a 2021 da babban rinjaye. A Rutgers kuma, a watan Afrilu na 2023, cikakkun farfesoshi, malaman wucin gadi da ɗalibai ma'aikata sun fita yajin aiki tare, karo na farko a tarihin jami'ar na shekara 257, kuma manyan malamai sun sa ƙarin kuɗin malaman wucin gadi a sahun gaba na buƙatunsu. Shekara hamsin da suka wuce, da wuya a samu wanda zai yi hasashen haka. Ya kuma dace a tuna cewa yanayin ƙasa gaba ɗaya ya taimaka, domin binciken Gallup ya nuna goyon bayan jama'a ga ƙungiyoyin ƙwadago ya tashi daga kashi 48 a 2009 zuwa kashi 71 a 2022.

Shugabannin gudanarwa ma ba su tsaya inda suke ba, ko da yake nasu sauyin bai tafi hanya ɗaya ba. Har yanzu akwai masu ɗaukar lauyoyin da suka ƙware wajen hana kafa ƙungiya, su ja shari'a shekara da shekaru da fatan masu yunƙurin za su kammala karatu ko su gaji. Wasu kuma sun lissafa suka ga faɗan ya fi yarjejeniya tsada, musamman ta fuskar suna, tunda jami'ar da ke tallan adalci ga ɗalibai ba ta jin daɗin a gan ta tana yaƙar masu koyar da su. Jami'ar New York ta amince da ƙungiyar ɗalibanta ma'aikata bisa raɗin kanta a 2013, lokacin da doka ba ta tilasta mata ba, Georgetown kuma ta yarda a 2018 a yi zaɓe ƙarƙashin masu sa ido na waje ba tare da an bi ta NLRB ba. Akwai kuma rukuni na uku, na shugabannin da suka yi shekaru suna aiki da ƙungiya, waɗanda suka saba da ita har suka ga amfaninta: yarjejeniyar shekara uku ko huɗu tana ba su damar tsara kasafi da sanin abin da za su biya, hanyar kai ƙara kuma tana fito da zaluncin wani shugaban sashe kafin ya zama abin kunya a jarida ko a kotu. Yau manyan jami'o'i da yawa suna da ofishin dangantakar ƙwadago da ƙwararrun ma'aikata, wanda hakan kansa shaida ce cewa an daina ɗaukar ƙungiya a matsayin guguwar da za ta wuce.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa damuwar shugabannin nan ba duka ƙarya ba ce. Shugaban jami'ar gwamnati yana ciniki kan kuɗin da ba shi ke da iko da su ba, domin majalisar jiha ce ke ware tallafi kuma sau da yawa ita ke ƙayyade kuɗin makaranta. Idan aka ƙara albashi ba tare da ƙarin kuɗin shiga ba, dole wani wuri ya ragu, kuma bayan yarjejeniyar Kalifoniya sassa da dama sun fara maganar rage yawan ɗaliban da za su ɗauka, masu bincike kuma suka shiga lissafin yadda tallafinsu zai ɗauki sabon albashin. Ƙananan kwalejoji masu zaman kansu da ke fama da raguwar ɗalibai suna cikin matsi na gaske. Abin da ba na yarda da shi ba shi ne a mayar da ƙarancin kuɗi hujjar hana mutane zama a teburin, domin lokacin ƙunci ne ya fi buƙatar a san wa zai ɗauki nauyin ragin kuma bisa wace ƙa'ida.

Wani abin lura shi ne adawa mafi tsanani a yanzu ba daga ofishin shugaban jami'a take fitowa ba, daga majalisun jihohi da kotuna take zuwa. A 2011 jihar Wisconsin, wadda ita ta fara buɗe ƙofar a 1959, ta kafa dokar da ta ƙwace damar ciniki daga malaman jami'o'inta. A 2018 Kotun Ƙoli, a shari'ar Janus, ta hana a cire wa ma'aikacin gwamnati da ba mamba ba kuɗin wakilci, duk da cewa ƙungiya na da tilas ta wakilce shi. A 2023 Florida ta hana cire kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye, ta kuma ce ƙungiyar da masu biyan kuɗinta ba su kai kashi 60 cikin ɗari ba sai ta sake neman amincewa ta hanyar zaɓe. A jihohi irin su Texas da North Carolina kuwa doka ta daɗe da haramta ciniki da ma'aikatan gwamnati. Saboda haka malamai biyu masu aiki iri ɗaya suna iya samun haƙƙi mabambanta ƙwarai saboda kawai iyakar jiha ta raba su, kuma a wasu lokutan shugaban jami'a da ƙungiyar malamansa sukan tsinci kansu a gefe ɗaya idan 'yan siyasa suka nemi tsoma baki cikin abin da ake koyarwa ko suka nemi raunana kujerar dindindin.

Masu goyon bayan ƙungiya ma suna da abin da ya kamata su faɗa wa kansu. Yarjejeniya tana da ƙarfi kan albashi, sanarwa kafin sallama da hanyar kai ƙara, amma ba ta hana komai ba. A 2020 Jami'ar Akron ta sallami kusan malamai ɗari da ke cikin ƙungiya, har da masu kujerar dindindin, ta hanyar wani sashe na yarjejeniyar da ya shafi bala'in da ya fi ƙarfin kowa, kuma mai sasantawa ya ba jami'ar gaskiya. Haka kuma dokokin jihohi da yawa sun bar batun buɗe fanni ko rufe shi a hannun hukuma, ba a tilasta mata ciniki a kai, alhali a nan ne malamai suka fi jin an ƙwace musu murya. Akwai haɗarin cewa idan komai ya koma teburin ciniki, majalisar malamai za ta ƙara mutuwa, hukuma ta riƙa cewa abin da ba a rubuta ba ba haƙƙi ba ne. Wuraren da suka fi dacewa su ne waɗanda suka rubuta ikon majalisar malamai a cikin yarjejeniyar kanta, ta yadda tsallake majalisar zai zama karya alkawari da za a iya kai ƙara a kansa. Sannan a cikin ƙungiyar ma akwai saɓanin buƙata da ba ya ɓoyuwa, domin farfesan da ke kula da ɗalibin bincike yana iya zama ɗan ƙungiya a gaban hukuma kuma mai gida a gaban ɗalibinsa, kuɗin da za a ƙara wa malamin wucin gadi kuma yakan fito ne daga asusun da cikakken malami ke sa ran nasa ƙarin.

Tambayar da shari'ar Yeshiva ta tayar har yanzu tana nan, sai dai amsarta ta fara juyawa. A 2014, a shari'ar Jami'ar Pacific Lutheran, NLRB ta ce bai isa jami'a ta nuna littafin ƙa'idojin da ya ba malamai iko a rubuce ba, sai ta tabbatar da cewa a aikace su ke yanke hukunci ko kuma ana bin shawararsu kusan kullum kan manhaja, ɗaukar ɗalibai da sha'anin kuɗi. Wannan ya sa hukumar jami'a mai zaman kanta a wani matsayi mai wuya. Idan tana son ta ci gaba da cewa malamanta masu gudanarwa ne da ba su da damar kafa ƙungiya, dole ta gabatar da rubuce-rubucen taruka da ke nuna cewa ta bar musu ikon da gaske, kuma jami'ar da ta shafe shekara ashirin tana rufe sassa da ɗaukar malaman wucin gadi daga ofishin shugaba za ta sha wahala wajen samo waɗannan takardu.